Noelene Tregear, Mai Bin Jirgi a Baya

Jirgin ƙasa mai tururi ya tashi daga Kerrabine ranar Asabar cike da fasinja, ya je ya dawo, kuma gonar kowa ba ta ƙone ba. Ƙungiyar 'yan sa kai ce ta shirya tafiyar, don tunawa da layin dogo na farko a Ostareliya, wanda aka buɗe a Melbourne a 1854. Jaridu sun buga hoton tsohon kan jirgin da direbansa. Noelene Tregear ba ta fito a hoton ba, domin tana can baya.

Nan ne wurinta fiye da shekara talatin. Kan jirgi mai cin kwal yana watsa tartsatsi, busasshiyar ciyawa kuwa ba ta jira. Duk sa'ad da jirgi ya tashi, Noelene takan bi shi a 'yar motar dogo, da tankin ruwa da tiyo da jiƙaƙƙen buhu. Inda ta ga hayaƙi, ta tsaya.

Bana ruwa ya yi ƙaranci. Col Brannock, makiyayin tumakin da dogo ya ratsa filinsa, ya ce bai yarda ba, ƙungiyar kuma ba ta tayar da jirgi sai da yardar maƙwabta. Noelene ta je ta same shi. Matarsa ce ta ba da labarin.

Noelene ta ce masa, "Tsoho, na taɓa barin wuta ta ci maka ko tunkiya ɗaya?"

"Kin dai taɓa yi mini wanka da tiyo, ina tsaye ba ruwana."

"Taba kake sha a cikin ciyawa. Da kai da tartsatsi duk ɗaya ne a wurina."

Ya yarda, bisa sharaɗin ita ce a baya.

Ranar bikin wuta ta kama a kan hawa, dab da shingensa. Col yana kallo ta diro ta kashe ta, fasinjoji na can gaba suna ɗaga tutoci. Direba Lindsay Moffat bai ma sani ba. Wajen shan shayi ya ce, "Yau ko tartsatsi ɗaya ban zubar ba."

Noelene ta ce, "To wa ya babbake mini gira, kakarka?"

Noelene, ke ce mai aikin da in ya yi kyau ba a ganin komai. An tafa wa jirgi, ke kuma hayaƙinsa kika sha. Mun gode, Noelene. Masu son jin ƙarar tururi a wannan layi, kujerarta ta baya na jiranku.

Noelene ta ajiye aiki da wannan tafiya, gwiwoyinta sun gaji. Mutane da yawa sun nemi koyon tuƙi, babu wanda ya nemi wurinta. Col Brannock ya ce ba zai ba da amsa kan baɗi ba sai ya ga wanda zai zauna a baya.