Rumbun da Malam Lawali Ya Bari

Ranar Talata bayan azahar, ina asibitin Bunguɗu ina duba kwamfutar ɗakin kati, ƙanen Malam Lawali ya kira ni ya ce Malam ya cika. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Na san yana jinya, amma ko ranar Lahadi mun yi waya, har ya tambaye ni ko na canza batirin sola.

Shekara tara na yi a ƙarƙashinsa. Mu biyu muke kula da kwamfutocin wasu ƙananan asibitoci uku na mutum ɗaya, a Gusau da Tsafe da Bunguɗu. Kowanne yana da saba, wato babbar kwamfutar da ke riƙe da katunan marasa lafiya. Shi ya yi karatun abin. Ni a sakandare na tsaya, a hannunsa na koya, kuma har yau ba na danna komai sai na duba sau biyu.

Ina da al'adar rubuta abin da ya faru kullum. Bayan jana'iza na koma kan tsofaffin littattafaina, sai na ci karo da wannan: "Malam na son ya tara duk manhajojin da muke amfani da su a tsohuwar kwamfutar ofis. Ban ga amfani ba, tunda akwai intanet. Ƙila ni ne ban gane ba." Ni ne ban gane ba.

Rumbu yake kiran wannan kwamfuta. Duk manhajar da sabobinmu ke buƙata, sai ya sauko da ita, ya gwada ta mako guda a kan wata kwamfuta dabam, sannan ya sa mata hatiminsa na kwamfuta, shaidar ya amince da ita, ta shiga. Ya umarci sabobin uku kada su karɓi komai sai daga can. Tsohuwar manhaja ma ba ya zubarwa. In na yi ƙorafin jinkiri sai ya ce, "Isa, sabuwa ba ita ce mai kyau ba, wadda muka gwada ita ce." Wani lokacin kuma, "Wadda ke ƙasar waje ta masu ita ce. Tamu ita ce ta cikin ɗakin ga."

Da aka rufe layukan sadarwa a jihar nan, makonni ba waya ba intanet, sai sabar Tsafe ta mutu. Wani direba ne ya kawo takarda daga shugabar ma'aikatan jinya: mata masu awon ciki sun cika baranda, ba a san rukunin jinin kowa ba, ba a san wa aka ba wane magani ba. Malam ya kwafe rumbun gaba ɗaya da kwafin katunan Tsafe da yake ajiyewa, a faifai, ya miƙo mini.

Na ce, "Malam, ni kaɗai?"

Ya ce, "Mi kake tsoro? Duk abin da ke ciki da hannunka muka gwada shi. Tahi, kada mota ta cika."

A Tsafe, Hajiya Balki, shugabar ma'aikatan jinyar, ta dube ni ta ce, "Ina babban? Ƙaramin aka aiko mana?" Ni ma tambayar da nake yi ke nan. Na ɗora komai daga faifan, ɗaya bayan ɗaya, babu abin da ya nemi intanet. Kafin la'asar katin farko ya fito, na wata baiwar Allah daga Kucheri. Hajiya ta ce, "Ashe ƙaramin ma ya iya." Da na dawo, Malam bai yaba mini ba. Ya ce kawai daga yau Tsafe tawa ce.

Makonni biyu kafin rasuwarsa ya ba ni kalmar sirrin hatimin. Na ce ya bari sai ya warke. Ya ce, "Rumbun da mutum ɗaya ke buɗewa bai gama ginuwa ba."

Jiya Litinin akwai manhaja guda da ta cika makonta na gwaji. Na daɗe ina kallonta. Na duba sau biyu, na ƙara na uku, sannan na sa hatimi. Sabobin uku sun karɓa, ɗakunan kati sun buɗe a kan lokaci, babu wanda ya san an yi wani abu. Haka Malam yake so.

Allah ya jiƙan Malam Lawali, ya yafe masa kurakuransa, ya haskaka kabarinsa, ya sa sauƙin da marasa lafiya suka samu ta hannunsa ya bi shi. Allah ya ba Inna mahaifiyarsa da mai ɗakinsa haƙuri, ya raya 'ya'yansa cikin albarka. Ni kuma Allah ya ba ni ikon riƙe abin da ya damƙa mini. Amin.