Evaristo Mai Hoto, Wanda Ya Kai Ni Makaranta

Ranar Talata, sha uku ga Mayu, da hantsi, Doña Herminia ta bugo mini waya ta ce mijinta ya cika. Kai ke nan, Evaristo Cárcamo, bayan kwana tara kana jinyar huhu a nan Bariloche. Shekararka saba'in da huɗu. Mun rufe ka ran Laraba, iska mai sanyi na tasowa daga tafki.

Duk wanda ya taɓa kawo iyalinsa yawon buɗe ido garin nan ya san ka, ko bai san sunanka ba. Kai ne mai hoton dandalin tsakiyar gari, mai ƙaton karen nan Capitán da yara ke rungumewa. Ni kuwa ina bayan gilashi a wani shago na titin Mitre, ina kankare cakulan a kan marmara, baƙi na kallo. Da rana ka zagayo ƙofar baya da ruwan zafi mu sha mate, shayin ganyen nan namu, kana ce mini birin cikin keji. Kai ka riƙe 'yata Graciela ranar da aka yi mata baftisma.

Shekara shida da suka wuce na je Rosario ganin jikata Itatí, tana da shekara biyu. Graciela za ta fita aiki, ta nuna mini wata takarda a jikin firij ta ce in karanta. Na ce to. Ban iya karatu ba, marigayiya matata ce ke rufa mini asiri, 'yarmu ba ta taɓa sani ba. Na ciro cakulan mai madara daga aljihu na ba yarinyar. Abin da takardar ke faɗa ke nan: madara tana toshe mata maƙogwaro. Kwana biyu ta yi a asibiti. Graciela ba ta yi mini faɗa ba. Ta dai daina barina da yarinyar ko na minti ɗaya, ta kuma ce ba za ta kawo ta garin da iskarsa ma madara ce ba.

Da na dawo na faɗa maka gaskiya. Ka ce ai ka daɗe da sani, domin shekara talatin kullum sai in ce na manta tabarau a gida, kai kuwa ba ka taɓa ganin tabarau ɗin ba. Ran Litinin ka ja ni makarantar yamma ta manya. Wata guda kana zaune a bencin baya, ka gaya wa malama gadi ka zo yi kada tsoho ya tsere.

Bana Graciela ta yarda su zo na kwana uku. Hutun da ta samu kuwa na makon Ista ne, lokacin da ake shimfiɗa cakulan a tsawon titin Mitre kowa ya ɗiba. Hankalina ya tashi. Kai a lokacin tari ya riga ya kama ka, amma ka zauna ka zana mana hanya a bayan ambulan hoto: dandali da sassafe kafin a buɗe shaguna, bakin tafki, jirgin ruwa zuwa tsibiri, sannan dutsen Campanario. Babu inda hanyar ta taɓa Mitre. Ka sa na wanke rigar sanyina sau biyu. Capitán ma ka yi masa wanka, ka hana shi aiki kwana uku, saboda yaran baƙi da hannun cakulan suke shafa shi. A makon da ka fi samun aiki a shekara ka yi haka, kuma ba ka taɓa ambata shi ba.

A rana ta uku muka hau kujerun da waya ke ja ta sararin sama zuwa ƙwanƙolin dutsen. A shagon shayi na can sama Itatí ta ɗauko wani biskit. Uwarta ta miƙa hannu za ta karɓa ta duba, sai ka tura wa uwar kyamararka.

"Riƙe mini wannan, 'yata, hannuna rawa yake. Kai tsoho, duba mana. Ko yau ma an manta tabarau?"

Na karɓi biskit ɗin. Na karanta da ƙarfi, a hankali, yatsana na bin layi: gari, sukari, mai, gishiri. Babu madara. Na juya shi, na ga wani ƙaramin rubutu can ƙasa, wai mai yiwuwa akwai ɓurɓushin madara. Na mayar da shi kan kantar shagon, na saya wa yarinyar tuffa. Graciela ta ɗauki ledar biskit ɗin ta duba da kanta, ta ajiye.

Kujerun nan mutum biyu suke ɗauka. Da muka zo saukowa, Graciela ta gyara wa yarinyar hula ta ce, "Ki hau da kakanki. Ni zan bi kawu Evaristo." Minti bakwai muka yi a sama, ni da jikata, babu kowa a tsakaninmu. Ta nuna mini tafki ta tambaye ni sunansa, ta ce in rubuta mata idan mun sauka. Na rubuta.

Ran Lahadin nan Graciela ta bugo. Hutun Yuli Itatí za ta zo wurina mako biyu, ita kaɗai. Na sa hula na fito da sauri in gaya maka, sai da na kai dandali na ga wani yana ɗaukar hoto a wurin tsayuwarka, sannan na tuna ba ka nan. Tun ranar murmushi ya ƙi barin fuskata, har ina jin kunyar masu yi mini gaisuwa. Na san da kana nan, dariya za ka yi mini.

Allah ya jiƙan ka, Evaristo, ya gafarta maka kurakuranka, ya ba ka hutu a wurinsa. Doña Herminia, da 'ya'yanku Néstor da Amalia, Allah ya ba ku haƙuri da juriya. Idan Itatí ta zo, zan ari Capitán mu kai maka ziyara. Ni zan karanta mata sunanka a kan dutsen kabari.

Anselmo Painefil, da hannuna.