Garin Inna a Ƙarƙashin Ruwa

Shekarar da Inna ta rasu, 'yan ajinmu suka shirya zuwa kwana a bakin madatsar ruwan da ke kusa da Maradun. Muka kafa tantuna a gindin itatuwa, mata gefe guda, maza can nesa tare da malaminmu. Su shaƙatawa ta kawo su. Ni kuwa garin da aka haifi Inna nake son gani, wanda ruwan ya cinye tun tana yarinya. Ban faɗa wa kowa ba.

Ta sha ba ni labarinsa tana tankaɗe: rijiya a ƙofar gida, masallacin ƙasa, da wata kuka wadda, in ji ta, kanta kan leƙo idan ruwa ya ja baya.

Da hantsi, ƙawayena na ta suyar kifi da ɗaukar hoto, na sulale. Na tarar da wani dattijo yana gyaran koma kusa da kwalekwalensa. Muka daɗe muna gaisawa kafin in faɗi buƙatata.

"Ɗiyata, kin iya tuƙi?" in ji shi.

"Ban taɓa ba, Baba."

"To riƙa filafili, amma ki bar ruwa su huta, ba fura kike damu ba."

Muka yi nisa har tantunanmu suka koma kamar faifan da aka kife. Hannuwana suka yi zafi. Ina ta duban kan kukar, ban ga komai ba sai ruwa, da wata balbela da ta gifta.

Na ce, "Baba, nan ne?"

Ya ɗora filafilinsa a cinya. "Ba ni yi maki ƙarya. Ni ma bayan ruwan na zo ƙasar ga. Ana dai cewa wajen nan ne."

Wajen nan ɗin ya fi girman Talata Mafara. Na leƙa, fuskata kawai na gani tana rawa, da mayafin Inna a kaina. Na rasa abin yi, sai na yi abin da ake yi idan an iso gidan mutane. Na sunkuya na yi sallama a hankali.

Shiru, sai ruwa na dukan katako. Can dattijon ya amsa daga bayana, ƙasa-ƙasa.

"Ba a barin sallama ta faɗi," ya ce, ya juya kan jirgin.

Da muka iso gaɓa ana rabon kifi. Babu wadda ta lura na tafi.