Dattijon da Ba Ya Son Fitowa Tar

A shagon da nake kai wayata gyara, wani dattijo yana zaune a kujerar roba, ya rungume lema kamar jariri. Bidiyon kansa ya kawo, yana gaisuwa a tsakar gida. Waya ta ce ya yi nauyi, ba zai tafi ba.

Mai shago ya ɗora shi a kwamfuta. "Baba, in na rage nauyin, hoton zai dushe fa."

"Rage mu gani."

Mai shago ya ja wani ɗan layi baya a kwamfutar. Tamojin goshin dattijon ya ɓace. Dattijo ya gyara zama.

"Ƙara."

Furfura ta saje da hula, giɓin haƙori ya cike.

"Baba, ai yanzu zai tafi lafiya lau."

"Na tambaye ka? Ƙara!"

Ban san wa za a tura wa ba. Amma takalminsa ya sha goga, turarensa ya cika shagon, sai ka ce ƙamshi ma yana bin waya. Ina zargin wata ce da ta daɗe ba ta gan shi ba.

Yanzu fuskar ta dagargaje, kunne ya haɗe da bango. Ko uwar da ta haife shi sai ta nemi shaida.

Dattijo ya matso da hancinsa dab da gilashin kwamfutar, ya daɗe yana kallo.

"Yawwa," in ji shi a hankali. "Haka ta san ni. Tura."