Saƙon Horo da Makullin Baba Isa

Har gobe ban manta da Litinin ɗin da na shiga ofis na tarar da makullin mota a kan teburina ba. Tunda ku sababbi ne a sashen horas da ma'aikata, ku tsaya ku ji, don kullum ina ganinku manne da manhajar nan ta ƙirƙirarriyar basira kamar ita ta raine ku.

Bara ne da damina. Hukumarmu ta ce a shirya wa direbobi ɗan kwas kan tuƙi cikin ruwan sama da kula da sababbin motoci. Ni aka ba aikin, lokacin ina mataki na goma. Ƙa'idar ita ce a fara gano abin da mutane ke buƙatar koya, a tsara darussa, sannan a aika gayyata. Gaskiya manhajar ta taimake ni. Na ba ta rahotannin gareji ta jera mini darussa, ni kuma na bi na cire abin da bai shafe mu ba, har da wani dogon bayani kan tuƙi a kan ƙanƙara. A Abuja fa.

Gayyata ce ta rage. Na rubuta ta da Turanci ranar Juma'a, na ce wa mataimakin daraktanmu, Oga Bulus, zan mayar da ita Hausa da kaina, tunda ita direbobinmu suka fi ji. Ya ce, "Madam Rabi, ba lokaci. Wannan abu ya iya Hausa fiye da ni da ke." Na ɗauka wasa yake, na ruga neman motar Kubwa kafin layi ya yi tsawo. Ashe bayan fitata ya sa manhajar ta fassara, ta karanta da murya, ya tura wa direbobi a waya.

Ranar Litinin ɗin, ina tsaye ina juya makullin sai ga shugaban direbobi, Malam Sani, fuska ba walwala. Bai ko zauna ba ya kunna mini saƙon. Wata murya mai sanyi ta ce, "An zaɓe ka cikin waɗanda za a yi wa horo saboda gazawar da aka gano a aikinka. Ka bayyana ranar Laraba. Halarta dole ce."

Mu a sashen nan in mun ce horo, koyarwa muke nufi. Amma ku je gareji ku ce wa mutum za a yi masa horo, ku ƙara da gazawa, ku ga abin da zai ji. Hukunci zai ji, ba wani abu ba.

Malam Sani ya ce duk gareji ya rikice, amma Baba Isa ya fi ba shi tsoro. Shi ne dattijon direbobinmu, 'yan watanni suka rage masa ya yi ritaya. A aikin gwamnati, wanda aka kora da wanda ya sauka don kansa ba ɗaya ba ne, ko a haƙƙi ko a mutunci. Don haka Baba ya yanke shawarar ya sauka kafin a kore shi: ya ajiye makulli, ya hau sama rajista da takardar ajiye aiki. Rajista nan ne ake buga wa takarda hatimi, in kuwa ta shige fayil, dawo da ita sai an sha wahala.

Lif ba ya aiki, kamar kullum. Na kama bene da takalmi mai tsini ina haki ina kiran wayarsa, a kashe. A rajista aka ce ya zo, mai hatimi bai iso ba, ya fita. Na sauko, na leƙa masallaci, na leƙa wajen mai shayi, ba shi. Can na hango shi a kan benci bayan ɗakin janareto, sanye da fararen kayansa na Juma'a, takardar a kan cinya.

Na durƙusa na gaishe shi. Ya ce, "Hajiya, na ajiye miki makulli. An ce ke ce mai horon."

Na ce, "Baba, ba hukunci ba ne. Karatu ne. Aji za a zauna, har da shayi da abincin rana."

"To gazawar fa?"

"Inji ne ya fassara, Baba. Abin da na rubuta shi ne akwai abin da ya kamata a ƙara muku sani a kai, saboda sababbin motocin nan."

Ya ce tun Juma'a bai ci abincin kirki ba, har ya gaya wa uwar yaransa ta daure, komai ya zo daga Allah ne. Raina ya ɓaci, na ce, "Haba Baba, me ya hana ka kira ni ka tambaya?"

Ya ninke takardar a hankali ya sa a aljihu. Ya ce, "In tambayi me, Hajiya? Tunda na fara aikin nan ba a taɓa kirana sama don a koya mini wani abu ba. In kin ji an kira direba sama, laifi ya yi."

Kunya ce ta kama ni, ta ofishinmu gaba ɗaya.

Na wuce wajen Oga Bulus na kunna masa saƙon, na fassara masa yadda gareji ya ji shi. Allah ya sa mutumin kirki ne, da ƙafarsa ya sauka ya ba direbobin haƙuri. Laraba aka yi kwas, Baba Isa na layin gaba.

Ban daina amfani da manhajar ba, jiya ma ita ta taya ni tsara darasi. Ta san ma'anar horo duka biyu, amma ba ta san wacce mutumin da aka saba kira don laifi zai ji ba. Wannan aikinku ne. Duk abin da ta rubuta muku, kafin ku tura, ku sauka ƙasa ku karanta wa mutum ɗaya cikin waɗanda aka yi dominsu, ku kalli fuskarsa.