Lauyar da Ta Sa Saje Ya Naɗe Wando

"Na ce ba za ki sa ƙafata a jarida ba!"

"Taka ce kai kaɗai? Wa ya yi shekara da shekaru yana gasa ta da ruwan zafi?"

"Ke dai bakinki ba ya rufuwa, tsohuwar nan."

Mijina ke nan, Saje, tsohon soja. Ku bar shi ya yi ta huci. Ni Anti Lauya na zauna in yi wa jinjina, don an ce idonta ya gaji, za ta ajiye aiki.

Ofishinta ɗaki ɗaya ne, tsakanin shagon tela da na mai gyaran rediyo. Da safe ita ke share shi da kanta, ta fito da benci, ta kunna fankar nan mai kuka kamar akuya. Kafin ta gama sojoji sun jeru, tsofaffi da masu ci, kowa ya ƙame kamar ana fareti. Kyauta take tsaya musu a shari'a. Mai gyaran rediyo ya ce da idonsa ya ga ta kafa kujera a ƙofar bariki, cikin rana, ta ce ba inda za ta sai an fito da wani kofur da aka kulle don ya ƙi wanke wa matar oga mota. Tela kuwa ya ce rigar lauyan tata ta sha faci har ya fara jin kunya.

Abin da ta gane, wanda sauran lauyoyi ba su gane ba, shi ne soja ba ya kuka. Ko hanjinsa na waje ka tambaye shi, sai ya ce, "Ba komai, ranka ya daɗe."

Haka Saje ya yi mana. Akwai gutsuren ƙarfe a ƙafarsa tun daga bakin daga. Kwamitin likitocin soja suka kira shi su ga ko za a ci gaba da yi masa magani. Bawan Allah ya goge takalmi, ya miƙo mini sandarsa a bakin ƙofa, ya shiga yana taku kamar sabon kurtu, ya sara musu. Suka ce ai wannan garau yake, suka sallame shi daga asibiti. Ƙafa ta kumbura, ta yi baƙi. Wani likita a gari ya ce in ba a yi aiki da wuri ba, sai yankewa.

Na ja shi wajen Anti Lauya.

"Baba Saje, ina ke ciwo?"

"Ba komai, ranki ya daɗe."

"To madalla, koma benci. Mama, shigo ki rufo ƙofa."

Jama'a, na zazzage! Yadda yake cizon matashi. Yadda na farke masa ƙafar wando. Yadda yake rufe taga kafin ya yi salla a zaune, wai kada maƙwabta su gani. Tun da uwata ta haife ni ba a taɓa ce mini "Ƙara, Mama" ina tsegumi ba sai ranar.

Anti Lauya ta yi ta zirga-zirga, a kore ta ta dawo, har kwamitin ya yarda ya sake zama. Muka yi ta lallashin Saje ya shiga da ɗingishinsa. Ya ce to. Yana hango kaki, sai ga ƙirji ya fito, taku ya dawo. Na ce shi ke nan, ƙafa ta tafi.

Sai Anti Lauya ta miƙe. Matar da ba ta kai kafaɗarsa ba ta daka tsawa:

"Saje! Naɗe wando!"

Kafin ya yi tunani hannunsa ya bi umarni. Sai ga ƙafa a fili, a kumbure, baƙa ƙirin. Babban likitan ya cire tabarau, ya kau da kai. A makon aka yi masa aiki.

Anti Lauya, ke ce garkuwar masu tsaron mutane. Ke ce kika san cewa "ba komai" ɗin soja shi ne kukansa. Allah Ya saka miki da alheri, Ya ƙara wa idonki haske. Ku kuma lauyoyin zamani masu ƙamshin turare, bencin nan na nan, kada ku bari ƙura ta cinye shi. In soja ya ce muku lafiya lau, ku nemi matarsa.

"Kin gama tona mini asirin?"

"Saura maganar matashin da ka yaga."

"Yau take kwashe kaya daga ofis, kina nan kina surutu! Wa zai ɗaukar mata fankar, ubanki?"

"Ubana ya huta, Saje. Ɗauki sandarka."

Ko kallon sandar bai yi ba. Ya ratsa ɗakin da ƙafafunsa biyu, tim, tim, ya fice, ya buga ƙofa garam, har sandar da ke jingine a bayanta ta faɗi ƙasa.