Hauwa'u Goma Sha Ɗaya

Mun tashi da asuba daga Jega, ni da wani maƙwabcina, neman ƙanwata Hauwa'u. Tun da 'yan bindiga suka watsa ƙauyenmu ban sa ta a ido ba. Ba ta da waya.

Wata ƙungiya ta rubuta duk waɗanda suka gudo a cikin kwamfuta. Ranar da ta rubuta ni, sai da aka tambaye ni sunan ubana, da ƙauyenmu, da inda nake kwana. Amma da na je ofishinsu na Jega neman Hauwa'u Muhammadu, ma'aikacin ya danna, Hauwa'u goma sha ɗaya suka fito. Ba komai gefen sunayen sai garin da kowace take. Ya ce abin da injin ke nunawa ke nan, in fara da Aliero, can suka fi yawa.

Kuɗin mota ya ninka na bara, direba kuma ya cusa mu kamar buhunan albasa. Aliero ko'ina albasa, har furar da muka sha ƙamshinta take yi. Gida huɗu na yi sallama. Hauwa'u huɗu suka leƙo, babu tawa. Ta ƙarshe ta fashe da kuka, ta ɗauka labarin mijinta na kawo.

Muka juyo, muka ratsa Jega ba mu tsaya ba, muka miƙe Maiyama. Hanya ta jijjiga mu. A ofishin can na tarar da wata mata, na faɗa mata maganganun da ba su dace ba. Ta bari na gama.

"Baba, mi ne ne sunan ƙauyenku?"

Na faɗa. Ta ce duk yana ciki, sai dai injin ba ya kawo abin da ba a ce ya kawo ba. Ta danna wurare biyu, sunan ƙauye da unguwar da kowace take zaune suka fito gefen sunayen. Ɗaya ce tak daga ƙauyenmu.

"Tana Jega Magaji," in ji ta.

Unguwa ce cikin Jega, daga inda nake kwana tafiyar ƙafa ce. Sau biyu na wuce ta a ranar.

Mun isa bayan la'asar. Na same ta tana daka, ta rame. Wata biyar tana yi min addu'ar mamaci.

Abin da tafiyar ta koya min: in mai kwamfuta ya ce babu, kada ka tashi. Tambaye shi me ya ce ta nuna masa.